Darasin masunta: inji ya tashi lafiya, an ɗora kaya ya ƙi ja

'Yan'uwa mazauna sansanin Dar es Salam, musamman masu shiga tafki ta bakin ruwan Baga Sola.

Wani zai ce me ya haɗa ofishin kariya da injin jirgi. Rigima ce ta haɗa mu. Kwanakin baya wasu masunta da suka haɗa kuɗi suka sayi inji na hannu, mai ƙarfin doki 40, suka zo ofis ransu a ɓace, mu kuma muna tsakiya muna tafinta daga Hausa da Barbarci zuwa Faransanci. Ɗaya ya ce matuƙin ya sayar da fetur ya cika tankin da kananzir. Matuƙin ya rantse, ya ce wanda ya sayar musu da injin ne ya cuce su. Abin da ya faru shi ne sun ɗauko kifi za su dawo, injin ya riƙa shaƙewa duk sanda aka murɗa totur, dare ya same su a kan ruwa, kifi ya fara wari, iyalansu suka kwana ba su runtsa ba. Da aka kira makaniki, bai ko buɗe murfin injin ba. Ya sassauta wani ɗan ƙaramin noti da ke kan murfin tanki, aka ji iska ta shiga da sauti, shi ke nan. Sun ɗaure shi tamau ne don kada fetur ya zube. Amma kafin nan sun riga sun biya wani ya kwance musu kafireta ya tsokane ta da allura, kuma wannan ɓarnar ce suke biya har yau.

Mu ba makanikai ba ne. Mun zauna ne da makanikai biyu, ɗaya ɗan'uwanmu da ya yi aikin a Doron Baga kafin gudun 2015, ɗaya kuma ɗan gari, muka kuma karanta littafin injin. Abin da ke tafe ya shafi injunan da aka fi gani a nan, irin su Yamaha Enduro masu doki 15 da 25 da 40, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya.

Ku fara saurare kafin ku ɗauki sufana

Inji yakan yaudari mutum a bakin ruwa. Idan giya tana firi, ba abin da yake turawa, ɗan fetur kaɗan da 'yar wuta mai rauni sun ishe shi ya yi ƙara kamar sabo. Sai an sa giya, mutane da koma da kifi suna ciki, sannan yake neman cikakken abincinsa. Saboda haka murɗa totur a firi ba gwaji ba ne, wahalar da inji ne kawai. Gwaji na gaskiya a kan ruwa ake yinsa da kaya, kusa da gaɓa, da rana.

Idan ƙarfin ya ragu, tambaya ɗaya ce za ku yi wa kanku: ƙarar injin hawa ta yi ko sauka? In ta hau, yana ihu amma jirgin ba ya gaba, injin lafiyarsa lau, matsalar tana ƙasa wajen farfela. In ta sauka, yana shaƙewa ko tari ko nishi, to ko dai fetur bai ishe shi ba, ko wuta ta yi rauni, ko ya yi zafi, ko kuwa an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya iya gaya wa makaniki wannan bambancin ya rage wa kansa kuɗin aiki.

Abu na biyu da za ku lura da shi shi ne lokaci. Tun daga tashi yake rashin ƙarfi, ko sai an yi tafiya? Yana dawowa daidai idan ya huta?

Kafin komai, ku kalli fitsarin injin

Akwai siririn ruwa da ke fitowa ta gefen injin daga baya, wanda masunta ke kira fitsari. Shi ne shaidar cewa ruwa yana zagayawa yana sanyaya shi. Mun sa shi a gaba ne domin shi kaɗai ne ba ya jira. Idan ƙarfi ya ragu kuma fitsarin ya tsaya, ko ya koma ɗigo, ko yana fitowa da tururi, ku kashe injin nan take. Fistin ne ya kumbura da zafi ya fara kamawa, kuma 'yan mintoci kaɗan suka rage ya ƙone.

Ku ɗaga ƙafar injin ku duba 'yan ramukan da ke shan ruwa a gefenta, sama da farfela. Leda, ganyen kainuwa, ciyawa ko laka sukan toshe su. Ku tsokani bakin fitsarin da zaren su mai kauri, don wani lokaci yashi ne ko ƙwaro ya toshe bakin kawai. In kun tayar kuma ruwa bai fito ba, 'yar farfelar roba da ke cikin ƙafar ce ta cinye, sai makaniki. Tafkinmu ba shi da zurfi, kuma daga watan Afrilu zuwa faɗuwar damina, kafin ruwan kogin Shari ya iso, injin yashi da laka yake sha, saboda haka robar nan tana saurin mutuwa a nan. Mai hali ya canza ta sau ɗaya a shekara. Kada kuma a tayar da inji a tudu ba ruwa don a nuna wa mai saye lafiyarsa, ko na minti ɗaya ne. Robar a bushe take ƙonewa.

Hanyar fetur

Makanikan nan biyu sun yi saɓani a kan abubuwa da yawa, amma a nan bakinsu ɗaya: yawancin injunan da ake kawo musu da wannan ciwo yunwa ce ke damunsu. Ku bi hanyar fetur daga tanki zuwa inji, kada ku fara daga kafireta.

Notin kan murfin tanki ƙofar iska ce. Fetur yana fita, iska tana shiga ta maye gurbinsa. In an rufe, injin zai yi tafiya mai ɗan dama sannan ya fara shaƙewa, tankin roba ma har yakan lotsa ciki. A buɗe shi yayin tafiya, a rufe shi idan za a ɗauki tankin a ka.

Daga nan sai ƙwallon roba da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa kafin a tayar. Akwai kibiya a jikinsa, dole ta kalli inji. Wannan ƙwallon yana faɗin gaskiya idan an san yadda ake tambayarsa. Yayin da injin ke shaƙewa, matuƙi ya riƙe totur, wani ya duba ƙwallon. In ya lotse ya manne, to akwai toshewa tsakaninsa da tanki: ko ƙofar iska, ko 'yar ragar da ke bakin bututun cikin tanki, ko an ɗora buhu a kan tiyon. In bai lotse ba, a riƙa matsa shi. Idan injin ya farfaɗo duk sanda aka matsa, ya sake faɗuwa idan aka bari, to famfon fetur na jikin injin ne ya gaza, fatar robarsa ta huje, ko kuwa tiyon yana shan iska ta wata tsaga. Da wannan matsawar kaɗai mutum zai iya kai jirgi gida. Rana tana cin tiyo, ku lanƙwasa shi a hannu ku ga ko ya tsattsage, musamman wajen bakin da ke shiga inji.

Cikin murfin injin akwai ɗan kofi mai haske, shi ne matata. A kwance shi da hannu, a zubar, a wanke ragar da fetur mai tsabta, a tabbata zoben robar ya zauna daidai kafin a mayar.

Yanzu fetur ɗin kansa. Kusan dukkanmu a jarka da kwalba muke saye, ya bi hannu da yawa kafin ya iso. Ba muna zargin kowa ba ne, jarka ma da kanta tana tara ruwa da ƙura, balle a lokacin hunturu. Ku zuba kaɗan a kwalba mai haske ku ajiye ta 'yan mintoci. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ku gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Bututun tanki kuwa daga ƙasa yake zuƙa, shi ya sa injin yakan yi tari idan igiyar ruwa ta girgiza jirgi. Fetur da aka gauraya da kananzir yakan bar maiƙo a yatsa ba ya saurin bushewa, injin kuma ya yi hayaƙi da ƙwanƙwasa idan ya ɗauki kaya. Akwai injunan da aka ƙera don kananzir, suna tashi da fetur sannan su koma kansa, amma in naku ba irinsu ba ne kada ku gwada. Ku riƙa tace fetur da mazurari da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.

Awon baƙin mai shi ma yana jawo gardama. Wasu suna zubawa da ido, suna ganin yawansa kariya ne. In ya yi yawa yana jiƙa fulogi ya tara baƙin dauɗa a ciki, in ya yi kaɗan inji ya ƙone. Awon da aka fi sani shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur: lita 25 tana cin rabin lita, lita 20 tana cin mililita 400, lita 10 tana cin 200. Sabon inji, ko wanda aka canza wa fistin, ana ninka masa man a sa'o'i 10 na farko. Ku duba abin da aka rubuta a jikin naku, don akwai masu bambanci. Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta TC-W3 a jikin gwangwaninsa. Mun san da yawa man mota suke zubawa saboda tsada, ba za mu yi kamar ba mu sani ba, amma duk mai yin haka ya san zai riƙa wanke fulogi kullum kuma injinsa ba zai daɗe ba. A fara zuba man da ɗan fetur, a girgiza, sannan a cika.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kafireta. Tana da ƙofofi biyu na fetur: ƙarama da ke ciyar da inji a silo, da babba da ke aiki idan an buɗe totur. Ƙwayar yashi ɗaya a babbar ta isa ta sa inji ya yi silo lafiya ya mutu da an ba shi wuta. Ga yadda ake ganewa ba tare da an kwance komai ba: lokacin da yake shaƙewa, a ja cok kaɗan na ɗan lokaci. In ya farfaɗo, fetur ne bai ishe shi ba. In ya ƙara shaƙewa, ku nemi ciwon a wani wuri. A ƙasan kofin kafireta akwai noti na zubar da ruwa, a sassauta shi a tara abin da ya fito a murfin kwalba a gani. Wannan kowa zai iya. Kwance ta gaba ɗaya kuwa a bar wa mai sani, a tudu, a kan tabarma, ba a cikin jirgi ba inda ɗan jet zai faɗa ruwa. Kuma kada a yarda a tsokani jet da allura ko waya. Tagulla ce, ramin yana faɗaɗa, daga nan inji ya koma shan fetur kamar rami ba kuma ƙarfi. Da iska da fetur ake wanke shi.

Wani abu da ake mantawa: a kashe inji, a murɗa totur har ƙarshe, a leƙa a ga ko ƙarfen da ke buɗe bakin kafireta ya kai ƙarshe shi ma. Wani lokaci waya ce ta saki.

Wuta

Waɗannan injunan silinda biyu gare su, kowanne da fuloginsa. In ɗaya ya mutu injin zai tashi, zai ma yi tafiya, amma da rabin ƙarfi da rawar jiki. Bayan 'yar tafiya a kashe, a taɓa gindin fulogin biyu da hattara. Wanda ya fi sanyi shi ne ba ya aiki.

A cire su a karanta bakinsu. Launin ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Baƙi a jiƙe, mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa. Fari fat kamar toka, injin yana yunwa yana kuma zafi, wannan haɗari ne, kada a ci gaba da tafiya da cikakken totur. In ɗaya ya fito tsaf kamar an wanke shi, da ɗigon ruwa a jiki, ruwa yana shiga silinda ta gasket, sai makaniki. Don a san ko laifin fulogi ne, a musanya su. In ciwon ya bi fulogin, ku sayi sabo. In ya tsaya a silindar da yake, waya ce ko kwayil. Kwayil mai mutuwa yana da hali: da sanyi lafiya, ya yi zafi ya yanke, ya huta ya dawo. Mai irin wannan kada ya ɓata kuɗi a kan kafireta.

Idan za ku sayi fulogi ku tafi da tsohon, lambar da ke jikinsa ita za ku nema. A shagunan Baga Sola ku ce buji, haka suke kiransa. Fetur kuma esansi ko banzin, farfela elis. Duk wanda harshe ya yi wa wuya ya zo a rubuta masa a takarda, wannan aikinmu ne. Kada a gwada tartsatsin fulogi kusa da buɗaɗɗen tanki, kuma masu kunna gawayin shayi a cikin jirgi su san inda jarka take.

Idan injin yana ihu jirgi ba ya tafiya

A kashe, a cire igiyar kashe inji daga mazauninta, sannan a ɗaga ƙafar. Kada hannu ya taɓa farfela sai an yi haka. Sau da yawa ciyawa ce ko guntun koma ya naɗe, a yanke a wuce. Ciyawar tana iya jawo alamu biyun, wani lokaci ihu, wani lokaci nishi.

Zaren su ya fi ciyawa mugunta domin ba a ganinsa. Yana shigewa bayan farfela ya naɗe sandar, ya ci robar da ke hana ruwa shiga gidan giya. Sau ɗaya a mako a cire fin da noti, a zare farfelar a duba. In an samu zare, a sassauta notin ƙasa na man giya a ga ɗigon farko. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma gyaran robar yau ya fi sauƙi a kan sayen giya gobe.

In farfela ba ta da komai amma inji yana ihu da an ba shi wuta, robar da ke tsakiyarta ce ta saki, sanda tana juyawa tana barin fukafukan a baya. Yakan faru bayan an bugi kututture ko tudun yashi. A ja layi da ƙusa daga tsakiyar zuwa jikin farfelar, a yi 'yar tafiya, a sake dubawa. In layin ya rabu, ita ce. A hankali za ta kai ku gida, da ƙaramin totur. Haka kuma in an tara kaya a goshin jirgi, baya ya ɗaga, farfela ta riƙa shan iska. Faffaɗan ƙarfen da ke samanta ya kamata ya kasance daidai da ƙasan jirgin ko ya ɗan fi shi nutsewa.

Wani lokaci ba abin da ya lalace

Jirgin katako yana shan ruwa yana ƙara nauyi. Kowace lita ta ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi kilo ɗaya ce, ku lissafa jarka nawa kuke ɗauke da ita ba ku sani ba. Ga jiƙaƙƙiyar koma, ga itacen banda, ga fasinjan da aka ji kunyar hanawa. Injin doki 15 ba zai yi aikin na 40 ba.

Farfela ma kala-kala ce. Akwai lambobi biyu a jikinta, na biyun shi ne tsawon takunta. A injin doki 40 za ku ga mai 11, za ku ga mai 13 ko sama. Mai babbar lamba ta jirgi marar kaya ce mai son gudu. In aka sa ta a jirgin kaya, injin zai yi nishi kamar motar da aka hau tudu da ita a babbar giya, ya sha fetur, ya yi zafi. Jirgin su mai nauyi ƙaramar lamba yake so. Wanda ya canza farfela kwanan nan sannan ƙarfi ya ragu, ya fara duba nan.

In an bi duk wannan ba a samu komai ba, kuma igiyar tayarwa ta yi sauƙin ja fiye da da, to injin ne ya tsufa, zobban fistin sun cinye. Makaniki yana da agogon awo da ake ɗaurawa a ramin fulogi, silindar biyu ya kamata su ba da awo kusan ɗaya. Masu shirin haɗa kuɗi su sayi inji na hannu, ku nemi a yi wannan awon a gabanku, a kuma gwada shi a ruwa da mutane a ciki kafin ku ƙirga kuɗi. Ku rubuta wa ya ba da nawa, wa ke tuƙi, da yadda za a raba kuɗin gyara. Da masuntan da muka fara da labarinsu sun yi haka, da ba mu kwashe rabin yini muna tafinta ba.

Abin da ya shafi ofishinmu kai tsaye

Kun fi mu sanin cewa tafkin nan ba wurin da dare zai sami mutum ba ne. Ku kiyaye iyaka da lokutan da jami'an tsaro suka sa. Inji mai alamar ciwo kada a yi nisa da shi da fatan zai warware a hanya. Ku raba fetur uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Filafili da sandar tuƙi da igiya mai dutse su kasance a jirgi ko da injin sabo ne, tare da fulogi biyu, sufanar fulogi, sukundireba, filaya, wuƙa da kwalba mai haske. Katin ɗan gudun hijira da waya mai caji a ɗaure su a leda a jiki, ba a cikin kaya ba. Wanda aka ba rigar ruwa ya sa ta. Yara ƙanana ba su da aiki a jirgin da zai yi nisa.

In inji ya mutu, ku jefa dutsen ku tsaya inda kuke kafin iska ta kai ku cikin tsibiran da ba ku sani ba, sannan ku kira. Kafin ku tashi kuma ku gaya wa wani a gida da wani a bakin ruwa inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Uwargida ko ɗan'uwan da ya ga lokacin ya wuce, kada ya jira gari ya waye: ya sanar da shugaban unguwarsa nan take, shi kuma ya san yadda zai same mu ko da dare ne.